Gida biyu maganin gobara: Yadda ɗaukewar sabis ke tsayar da kasuwanci a Madawa, Buza da Keita

A lokacin kakar albasa, daga watan Maris zuwa Mayu, duk wanda ya bi babban titin da ya taso daga Yamai zuwa Damagaram ya ratsa Madawa, zai ga buhuna jibge a bakin hanya, manyan motoci na jiran lodi, 'yan dako na kai da komo. Idan ya ƙara lura zai ga wani abu kuma: da wuya ka samu dillalin da ke riƙe da waya ɗaya. Akwai babbar waya ta WhatsApp a hannu, akwai 'yar ƙarama mai madannai a aljihu, kowacce da sim biyu a ciki.

Wannan ba ƙawa ba ce. Dillalin da ya loda mota zuwa Abijan ko Ankara yana buƙatar sanin farashin can kafin ya yanke na nan, yana buƙatar jin inda direba ya kai, yana kuma jiran saƙon da zai tabbatar masa kuɗi sun shigo kafin ya sallami manomin da ke tsaye a gabansa. Da zarar sabis ya ɗauke, ko reso kamar yadda ake cewa a Nijar, dukkan ukun sun tsaya cik, albasa kuwa ba ta jiran kowa a cikin rana.

Injiniyoyin sadarwa suna da dogon bayani kan wannan matsala da maganinta, amma Bahaushe ya riga ya taƙaita shi: gida biyu maganin gobara. Tambayar ita ce, shin wayoyi biyun da ke hannun ɗan kasuwar Adar gida biyu ne da gaske, ko kuwa ɗaki biyu ne a gida ɗaya?

Kasuwar da ke tafiya a kan waya

Gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa sun rayu a kan abu biyu da dukkansu ke buƙatar magana da nesa. Na farko shi ne noman rani a fadamun Tarka da Magiya, musamman albasar nan mai suna Galmi da ake kaiwa Kwaddibuwa, Ghana, Togo, Benin da Burkina Faso, tare da cinikin dabbobi a kasuwanni irin ta Tunfafi. Na biyu shi ne tafiya bida. Akwai ƙauyuka a Tamaske, Garhanga, Ibohaman, Karofan ko Babban Katami da idan aka gama girbi, samari da magidanta da yawa sai su kama hanyar Abijan, Legas, Kano, Kamaru ko Libiya, su bar gida yana jiran aike.

Tasirin salula a kasuwannin Nijar abu ne da aka auna. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bibiyi kasuwannin hatsi na ƙasar daga 2001 zuwa 2006, shekarun da sabis ke shiga gari bayan gari, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 bayan zuwan waya. Dalili a fili yake: wanda a da sai ya hau mota ya je ya gano farashi, yanzu kira ɗaya ya ishe shi. A 2010 kuma, lokacin ƙarancin abinci, ƙungiyar Concern Worldwide ta gwada raba tallafin kuɗi ta waya a wasu ƙauyukan jihar Tawa, ta hanyar tsarin Zap na kamfanin Zain, wanda a shekarar ya koma Airtel.

Yau abin ya wuce nan. Kamfanoni huɗu ne ke ba da layi a Nijar: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da ya gaji Orange a ƙarshen 2019, da Niger Telecoms na gwamnati da aka samar a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom. A kan waɗannan layuka ne kamfanonin tura kuɗi irin su Nita, Amana da Al Izza ke aiki, haka tashoshin mota masu sayar da tikiti ta kwamfuta, asusun ba da rance, kantunan magani da asibitocin karkara da ke kiran motar ɗaukar marar lafiya daga babban asibitin gunduma.

Shi ya sa ɗaukewar sabis ta daina zama maganar rashin hira. Tsohuwar da ta biya kuɗin kabu-kabu daga ƙauye don karɓar aiken ɗanta, idan ta tarar babu reso, ko dai ta wuni a kan benci, ko ta koma gida ta sake biyan kuɗin hanya gobe.

Ina kiran yake bi?

Mutane da yawa na ɗauka cewa idan suka ga sandunan sabis sun cika a fuskar waya, shi ke nan. Gaskiyar ita ce kira sarƙa ce mai gaɓoɓi, kuma tsinkewar gaɓa ɗaya ta isa.

Gaɓa ta farko ita ce turken sadarwa, dogon ƙarfen nan mai eriya. Yana buƙatar wuta dare da rana, daga NIGELEC, ko janareta, ko farantan sola da batura.

Ta biyu ita ce hanyar da turken ke miƙa saƙo zuwa gaba. Inda wayar faiba ta ratsa, kamar gefen babban titin Ƙonni zuwa Maraɗi, ana iya bi ta cikinta. A wuraren da ke nesa da titi kuwa, galibi turaku ne ke miƙa wa juna saƙo ta iska, ta waɗannan faya-fayen masu kama da ganga da ake gani a jikin ƙarfen. Dole kowane faifai ya riƙa hangen ɗan'uwansa ba tare da shamaki ba. A ƙasa mai tuddai da kwazazzabai irin ta Adar wannan aiki ne mai wuya, kuma idan turaku biyar suka jeru a layi ɗaya, mutuwar na biyu ta kashe na uku da na huɗu da na biyar, ko da su lafiyarsu ƙalau.

Ta uku ita ce cibiyar kamfanin, inda manyan kwamfutocin da ake kira saba suke tantance layi, su haɗa kira, su lissafa kuɗi. Ta huɗu ita ce ƙofar fita waje. Nijar ba ta da teku, don haka intanet ɗinta na bi ta ƙasashe maƙwabta kafin ya kai ga wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa.

Ta biyar kuma, wadda aka fi mantawa da ita, ita ce sabar wanda kake hulɗa da shi: kamfanin tura kuɗi, banki, ko WhatsApp kansa.

Darussa uku na kwanan nan

Kowace daga cikin waɗannan gaɓoɓi ta taɓa tsinkewa a idon jama'a.

A farkon watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin ECOWAS, Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Yankin Maraɗi, Damagaram da Tawa na samun nasa kason ne ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Tashar sola ta Malbaza mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, ba za ta iya cike wannan giɓi ba, kuma da rana kaɗai take aiki. Baturan turke na iya riƙe shi na wasu awoyi, daga nan sai janareta, janareta kuma sai da mai da wanda zai kai shi.

Ranar 13 ga Maris 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin ɗage takunkumin. Washegari, 14 ga Maris, sai wata ta ɓullo ta inda ba a zata ba: manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar tekun Kwaddibuwa. Intanet ya yi rauni ko ya ɗauke a ƙasashe fiye da goma, ciki har da Nijar, Najeriya, Ghana da Benin, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Kamfanoni da dama sun yi zaton suna da madadi tunda sun sayi hanya a kan wayoyi biyu ko uku. Abin da ba su yi lissafinsa ba shi ne dukkan wayoyin sun bi ta kusan wuri guda a ƙasan teku.

Na uku ya faru ne ranar 4 ga Oktoba 2021, lokacin da Facebook, Instagram da WhatsApp suka mutu na kusan awa shida a duniya baki ɗaya saboda kuskuren saiti a na'urorin kamfanin. A ranar turaku na aiki, data na nan, amma ɗan kasuwar da duk cinikinsa ke cikin saƙon murya na WhatsApp ya zama kamar marar waya.

Ba ƙasashe matalauta kaɗai abin ke samu ba. Ranar 8 ga Yuli 2022 kamfanin Rogers na Kanada ya ɗauke kusan yini guda, mutane sama da miliyan 12 suka rasa sabis, biyan kuɗi da kati ya tsaya a shaguna, wasu ma suka kasa kiran lambar agajin gaggawa.

Sim biyu ba lallai hanya biyu ba

Lissafin madadi mai sauƙi ne. Layin da ke aiki kashi 99 cikin 100 na lokaci yana da daɗin ji, amma kashi ɗayan da ya rage ya haura kwana uku da rabi a shekara. Mai kashi 99.9 yana rasa kusan awa 9 a shekara, mai 99.99 kuma kusan minti 53. Idan kana da layi biyu, kowanne mai kashi 99, lokacin da za su mutu tare a lissafi bai wuce waɗannan minti 53 ba.

Sai dai lissafin yana da sharaɗi guda: dole ya zama babu abin da ya haɗa layukan biyu. A nan ne gizo ke saƙar. A Nijar, kamar sauran ƙasashe, akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce mallakar turaku su ba kamfanonin waya haya. American Tower, wanda ya sayi Eaton Towers a ƙarshen 2019, na cikinsu. Hakan na rage tsada, yana kuma sa sabis ya isa ƙauyukan da kamfani ɗaya ba zai iya gina wa turke shi kaɗai ba. Amma idan eriyoyin kamfani biyu na kan ƙarfe ɗaya, suna shan wuta daga janareta ɗaya, ranar da mai ya ƙare tare za su yi shiru. Haka idan kamfanoni biyu na hayar faiba a rami ɗaya, katafilar aikin hanya ko ambaliyar da ta yanke gulbi za ta yanke su tare.

Mai shago na iya gane wannan ba tare da injiniya ba. Ya samu littafi, duk ranar da sabis ya ɗauke ya rubuta lokaci da layin da ya mutu. Bayan wata biyu ko uku zai ga waɗanne layuka ne ke mutuwa tare a garinsa, wanne ne kuma ke rage shi kaɗai. Amsar Buza ba lallai ta zama ta Bangi ko ta Keita ba.

Sabar ko-ta-kwana

Ga ofisoshin da suka fi shago girma, kamar reshen asusun rance, kamfanin sufuri, ƙungiyar manoman albasa ko ofishin ƙungiyar agaji, maganar ta wuce sim. Da yawa daga cikin irin waɗannan wurare a duniya sun koma amfani da tsarin wayar ofis da ke bi ta intanet. Saba ɗaya ce ke karɓar duk kiran da ya shigo lambar kamfani, ta rarraba shi ga ma'aikata, ta haɗa rassa da hedikwata ba tare da kuɗin kira ba. Yana da arha, amma ranar da wannan saba ta mutu ko hanyar zuwa gare ta ta katse, duk wayoyin kan tebur sun zama kayan ado.

Maganin da masana suka saba bayarwa hawa-hawa ne. Ana ajiye saba ta biyu da ke kwafar duk abin da ta farko ke yi. Su biyun na aika wa juna ɗan gajeren saƙo a kai a kai, kamar maƙwabta masu ƙwanƙwasa wa juna bango. Idan ta biyu ta daina jin ta farko, sai ta karɓi aikin cikin daƙiƙoƙi. Amma idan an ajiye su a ɗaki ɗaya, kan soket ɗaya, gobara ɗaya ko tsawa ɗaya ta gama da su. Don haka ake so ta biyun ta kasance a wani gari, misali ɗaya a Yamai ɗaya a Maraɗi ko Tawa.

Hawa na gaba shi ne hanya biyu masu bambancin jinsi zuwa kowane reshe, kamar faiba da sim, ko sim da tauraron ɗan'adam, tare da na'urar da ke sauyawa da kanta idan ɗaya ta mutu. Sannan a saita lambar kamfani tun farko ta yadda idan komai ya faɗi, kira zai karkata zuwa salular wani ma'aikaci.

Akwai kuma abin da ya fi dukkansu arha, ya kuma fi shan mantuwa: gwaji. Madadin da ba a taɓa kunnawa ba zato ne kawai. Batirin da ya shekara biyu a zafin Adar ba tare da an duba shi ba, ko sim ɗin ajiya da kamfani ya rufe saboda an daɗe ba a sa masa kuɗi ba, ranar buƙata ake gane cewa babu su.

Sababbin ƙofofi

Abu biyu sun sauya lissafin a 'yan shekarun nan. A watan Maris 2025 Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar, bayan gwamnati ta ba shi lasisi. Amfaninsa a matsayin madadi shi ne ba ya bi ta turken garinku ko ramin faibar bakin titi. Sai dai na'urarsa da kuɗin wata sun fi ƙarfin ƙaramin mai shago shi kaɗai, yana buƙatar wuta a tsaye, ruwan sama mai ƙarfi na iya raunana shi, kuma intanet yake bayarwa, ba layin kira ba. Wanda ke ƙauye da 'yar ƙaramar waya ba zai same ka ta kansa ba.

Na biyu shi ne aikin faibar da ta ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa, mai tsawon sama da kilomita 1,000 a cikin Nijar. Manufarsa ita ce haɗa ƙasar da Aljeriya, Chadi, Najeriya, Benin da Burkina Faso, tare da gina cibiyar ajiyar bayanai ta ƙasa. Muhimmancin ƙofar Aljeriya shi ne tana kaiwa tekun Bahar Rum, wato idan irin abin da ya faru a Maris 2024 ya sake faruwa a gaɓar kudu, akwai wata mafita ta arewa.

Amma babbar hanya ba ta kai mutum ƙofar gida. Ko an yi ƙofofi biyar a kan iyaka, ƙauyen da ke rataye a kan turke ɗaya da janareta ɗaya yana nan yadda yake. Wannan nauyi ne na kamfanonin waya da hukumar ARCEP mai sa musu ido, wadda a 2023 ta ci tarar dukkan kamfanonin huɗu kan rashin ingancin sabis.

Akwai kuma gobarar da gida biyu ba ya magani, wato idan hukuma ce ta ba da umarnin rufewa. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021, an rufe intanet na salula a Nijar na kusan kwana goma. A watan Satumba na shekarar kuma, hukumomin Najeriya sun katse layukan waya a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gundumar Madawa na iyaka da jihar Sakkwato, don haka dillalin da abokin cinikinsa ke tsallaken iyaka bai tsira ba, ko da nasa layin na aiki.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Ba kowa ke da kuɗin saba biyu ba, amma akwai matakan da ba su fi ƙarfin mai shago ko wakilin tura kuɗi ba.

Ya zaɓi layi na biyu bisa abin da littafinsa ya nuna, ba bisa garaɓasa ba, ya kuma riƙa amfani da shi lokaci-lokaci don kada a rufe. Ya ajiye ƙaramar waya mai madannai, domin kira da gajeren saƙo da lambobin da ake dannawa da tauraro na iya tafiya a kan tsohon sabis na 2G a lokacin da data ta ƙi, kuma batirinta na kwanaki. Ya samu ƙaramin faifan sola da batir. Ya rubuta lambobin manyan abokan cinikinsa a takarda, ya kuma ba su lambobinsa biyu. 'Yan kasuwar layi ɗaya ko ƙungiyar manoma na iya haɗa kuɗi su sayi na'urar tauraron ɗan'adam guda su raba.

Wani abu da ya kamata a kiyaye shi ne ranar da sabis ke rawa ita ce ranar kasuwar 'yan damfara. Hoton rasit da aka turo ko aka nuna a fuskar waya ba kuɗi ba ne. Kada kaya su tashi sai an ga kuɗi a asusu, ko an ji daga bakin wanda aka sani ta wani layin daban.

Su ma 'yan bida na da nasu rabon. Wanda ke Abijan ko Tirabulus ya tabbatar yana da lambobin mutum biyu a gida, a kan layuka daban-daban, har da ta wani a garin da ke kusa. Ya san kamfanin tura kuɗi fiye da ɗaya da ke da reshe a kusa da iyalinsa. Kafin ya ce wa mahaifiyarsa ta kama hanyar gari, ya sa a duba masa ko reshen na biya a ranar. Idan kuma zai aiko da tsaraba, ƙaramar waya mai riƙe caji da faifan sola na iya fin babbar waya amfani a ƙauyen da wuta ba ta kai ba.

Iyalai su kuma yi yarjejeniya tun ana jin juna: idan an kwana biyu ba a samu layi ba, wa za a kira, a ina za a karɓi bashin hatsi kafin aike ya iso. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma damina, lokacin da gulabe ke yanke hanyoyin kai mai ga turaku, ita ce lokacin da gidaje suka fi buƙatar kuɗin da ke zuwa daga waje.